Dan Allah waɗanda suka taɓa yi: mu sayi hatsi mu ajiye ko mu fara dafawa muna rabawa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kuma da gaggawa, dan ranar Asabar za mu zauna. Muna da ƙungiyar matan unguwa a nan wajen Kurna cikin Kano, mu talatin da huɗu. Da adashe muka fara da gudummawar biki da suna, to tunda aka cire tallafin mai a 2023 komai ya rikice sai muka ware asusu daban, kowacce na zuba ɗari biyar duk sati, wadda ba ta da hali ta sa ɗari biyu. Yanzu akwai dubu ɗari shida da ashirin a hannun ma'aji. Mun bi gida-gida mun rubuta gidaje 27, yawanci zawarawa ne masu marayu, sai tsofaffi, sai gidajen da maigidan ke kwance ba lafiya.

To kanmu ya rabu biyu. Wasu sun ce tunda kaka ce hatsi ya sauko mu je kasuwar Dawanau mu sayi gero da masara mu ajiye sai damina ta yi nisa, wajen Yuli da Agusta da abin ya fi tsanani, mu riƙa auna musu. Wasu kuma sun ce wanda bai ci ba yau ina ruwansa da Agusta, mu fara ɗora tukunya duk Juma'a. Wurin ajiya muna da shi, shago ne a gidan wata tsohuwar malamar makaranta cikinmu, da siminti a ƙasa. Ba maganar ciyarwar azumi nake ba, wannan masallaci na yi, kuma ba za mu juya kuɗin ba, an riga an yi wannan rigimar an gama. Wadda ta taɓa yi da hannunta dan Allah ta faɗa mana yadda ta kaya.

Ummu Sultan:
Wslm Allah ya saka muku da alheri. Ni dai shawarata ku bari sai azumi ku yi kunu da ƙosai, ladan yafi yawa

Maman Biyu:
Anti ai na ce banda azumi.

Anti mai atamfa:
Ku sayi injin markaɗe ku ba wani yaro mai amana, abin da ya shigo kullum ku ciyar da shi uwar kuɗi na nan. Abinci in an ci ya ƙare kenan

Ɗan Dawanau:
Hajiya ni a kasuwar nake. Satin nan gero mai kyau dubu arba'in da biyu, masara talatin da uku, buhu mai kwano arba'in. Ki cire kuɗin 'yan dako da mota da ɗinki, da kuɗin nan za ku samu kamar buhu goma sha biyar in kun haɗa biyun. Amma kar ku yi gaggawar masara, sabuwa ce akwai sauran danshi, ki ciji ƙwaya ɗaya in ba ta ce ƙas ba ki bar ta.

'Yar Gumel:
Arba'in da biyu kuma?? Ranar Alhamis mijina ya siyo a Maigatari talatin da biyar wlh. Ku 'yan Dawanau ku ji tsoron Allah

Maman Nana:
Ni fa jiya dubu ɗaya da ɗari huɗu na auni kwanon gero a bakin layinmu, in aka lissafa buhu ya haura hamsin kenan. To waye mai gaskiya

Ɗan Dawanau:
Duk mai gaskiya ne Hajiya, kwanon ne ba ɗaya ba, buhun ma ba ɗaya ba. Na ƙauye sai an sheƙe an cire tsakuwa ki ga kwano uku sun tafi. Sannan ki ɗora kuɗin mota daga Maigatari zuwa Kano ki gani.

Gwaggon Yara:
Maman Biyu ƙanwata ki saurare ni da kyau, dan ni abin nan ya ci ni har yau ban warke ba. Mu ma haka muka fara, mata ashirin da wani abu, ni ce sakatariya, ni na bi gidaje da littafi na rubuta sunaye kamar yadda kuka yi. Kakar 2023 muka sayi masara buhu goma sha huɗu a kan dubu talatin da takwas-takwas, da wake buhu shida. Muka ce ina za a ajiye, shugabarmu ta ce ga siton maigidanta ba sai mun biya haya ba, mutum ne dattijo sahun gaba a masallaci, wa zai ce a'a. Makulli ɗaya, yana hannunsa. Ko takarda ba mu rubuta ba dan kunya.

Watan Yuni masara ta haura dubu tamanin, mutane na cin afafata, shinkafar nan da ake zubarwa ko a ba kifi, muka ce lokaci ya yi. Yau a ce ya yi tafiya, gobe a ce makullin na wajen yaronsa, sati uku muna sintiri. Ranar da aka buɗe, masara buhu biyu ce a ciki. Biyu. Wai ya sayar tun Fabrairu lokacin da hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ke rufe rumbunan 'yan kasuwa a Dawanau kan ɓoye abinci, wai ya ji tsoron a zo a kwashe. To ina kuɗin? Wai ya juya su, zai biya mu yadda muka saya. Dubu talatin da takwas, a lokacin da ko rabin buhu ba za ta saya ba, shi ma a gutsuttsure, har yanzu akwai saura. Waken kuma da bai taɓa ba, na kwance bakin buhu na zura hannu na ji ɗumi, na ɗebo sai gari da ƙwari suna hawa hannuna har gwiwar hannu, wari kamar me. Ko awaki sai da aka haɗa musu da dusa.

Abin da ya fi ci min rai, akwai wata baiwar Allah mai yara huɗu, mijinta ya rasu a hatsarin mota, ni da bakina na ce mata ta kwantar da hankalinta damina akwai rabonta. Kullum da safe sai ta zo ta gaishe ni da buhun leda a ninke a ƙarƙashin hijabi, ba ta tambaya, gaisuwa kawai, ta ɗan zauna ta tafi. Autanta tamowa ta kama shi, a watan Agusta ya koma. Na san kwana ne ya ƙare, ban ce masararmu ce za ta hana ba, amma ni na yi mata alkawari. Kuma a unguwa sunana aka riƙa kira dan ni aka gani da littafi, har aka ce da ni aka raba. Ƙungiya ta watse, ni da shugabar nan tare muka yi makarantar allo yau ko gaisawa ba ma yi.

Ummu Sultan:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wlh sai da na yi hawaye. Allah ya jiƙan yaron ya sa mai ceto ne

Maman Nana:
Gwaggo me ya hana ku kai shi Hisbah ko kotu? Wannan ai cin amanar marayu ne ƙiri-ƙiri

Gwaggon Yara:
Da wace shaida 'yata? Ba rasit ba takarda. Mun je wajen mai unguwa aka ce a rufa wa juna asiri tunda ya amsa zai biya. Rabin matan ma mazajensu suka hana su zuwa, wai ba za a ga matansu a gaban alƙali ba.

Malam Na Tsangaya:
Allah ya ba ki haƙuri Hajiya. A shari'a abin da ake aunawa in mutum ya ci, irinsa zai mayar, buhun masara da buhun masara, ba kuɗin da aka saya ba. Bashin na wuyansa. Ita kuma mai tambaya kar wani ya tsorata ku da cewa ajiyar nan ɓoye abinci ce, wanda aka hana shi ne a tare abinci a jira ya yi tsada mutane na cikin buƙata, ku kuwa kyauta za ku bayar.

Gwauron Layi:
Salamu alaikum iyayena, tambaya ɗaya, a cikin gidaje 27 ɗin nan akwai gurbin gwauraye? Dan mu ma marayu ne ta wani fannin. A sa ni na 28, ni ƙanzo ma ya ishe ni 😂

Anti mai atamfa:
Kai dai ka yi aure ka huta, ga zawarawa nan har an rubuta maka su a littafi 😂

Gwaggon Yara:
Ku yi dariyarku, da kun ga abin da na gani. Kuma ban ma faɗa muku ba, da ya zo biyan kashi na biyu a gaban mutane ya miƙo kamar sadaka yake ba mu, har ana yi masa godiya. Matar tasa kuwa bana ta sake kafa wata ƙungiyar.

Sista Asibiti:
Gwaggo Allah ya ba ki ladan haƙuri. Maman Biyu ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibiti, kuma labarin yaron nan shi muke gani kullum in damina ta shiga, ga maleriya ga gudawa ga ba abinci. Masara zalla ba ta tayar da yaro. Ko wanne kuka zaɓa ku ware wani abu ku yi garin Tom Brown: gero ko dawa kwano shida, waken suya kwano uku, gyaɗa kwano ɗaya, a gyara a soya kowanne daban sama-sama a niƙa tare, a riƙa dama wa yara kunu mai kauri. Waken suyan a jiƙa a cire ɓawon kafin a shanya a soya. Sannan ku nemi tef ɗin awon damtse, na 'yan wata shida zuwa shekara biyar, in ya nuna ja wato ƙasa da santimita 11.5 ko kuka ga ƙafafu biyu sun kumbura, wannan ya wuce kunu, asibiti za a kai shi a ranar. A gidajen naku guda nawa ne ke da yara ƙanana da masu shayarwa? Nan ne za ku fara.

Hajiya Landan:
Gaskiya matsalarku a gida ita ce rashin tsari. Nan Ingila wuraren rabon abinci da yawa suna da rajista da asusun banki da masu duba lissafi. Ku yi rajista, ku buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, ku daina ajiye kuɗi a hannun ma'aji. Da su Gwaggo sun yi haka da ba a kai nan ba.

'Yar Gumel:
Hajiya da girmanki, ke da kike Landan yaushe rabonki da auna kwano? Kuɗin rajistar da lauya kaɗai buhu nawa ne. Kuma su Gwaggo ai ba kuɗi aka sace ba hatsi ne, banki na ajiye masara?

Hajiya Landan:
Duk wata ina turo kuɗi gidaje shida a Fagge ƙanwata, na san farashin komai. Zama a waje bai cire ni daga Bahaushiya ba.

Ɗan Dawanau:
A bar wa masu sana'a maganar ajiya dai. Gero ya fi jure ajiya, masara ƙwari na sonta, wake kuwa kar ku soma sai da buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ba a sa magani. A ɗora kan katako, kar ya jingina da bango. Kuma dan Allah ƙwayar maganin ƙwarin nan da ake ce wa bom kar a sa ta a gidan da mutane ke kwana, tana kisa, balle masu zuba fiya-fiya a wake.

Gwaggon Yara:
Masu sana'a? Ai wanda ya cinye namu ma mai sana'ar ne, shekara talatin yana harkar hatsi. Maman Biyu kar ki bari namiji ya riƙe muku makulli, ko waye.

Ɗan Dawanau:
Haba Gwaggo, laifin mutum ɗaya kuma sai ya shafi kowa. Ni me na ci

Inna ta Maraɗi:
Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Mu nan wannan abu ba sabo ba ne, tun 1991 anka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, asusun mata na mako-mako, kuma garuruwa da yawa akwai bankin cimaka, wato rumbun hatsi na jama'a. Yadda muke yi a ƙauyenmu, ƙofa guda kwaɗo uku, makulli uku wurin mata uku da ba dangin juna ba, ba a buɗewa sai ukun sun taru da shaidu. Kuma ba mu badawa kyauta duka, in rani ya yi nisa mace ta ɗauki tiya goma, in kaka ta yi ta maido da ɗan ƙari kaɗan, sai tsofaffi da marasa lafiya su ne kyauta. Da munka yi kyauta zalla shekarar farko rumbu ya ƙare ba a sake cika shi ba. Hatsi kuma in da hali ku ajiye shi a damme bai sussuka ba, ya fi daɗewa.

Malam Na Tsangaya:
Inna wannan ɗan ƙarin fa akwai magana, hatsi da hatsi da ƙari riba ce.

Inna ta Maraɗi:
Malam ƙarin ba aljihun kowa yake shiga ba, rumbun yake komawa. Amma na ji, malamanmu ma sun yi ta gardama a kai, wasu garuruwan sai sunka koma saidawa da rahusa.

Maman Biyu:
Inna na gode, makulli uku ɗin nan ya shige ni. Sai dai mu cikin gari muke, matan nan ba gona gare su ba balle su mayar da kaka, damme kuma ina za mu kai shi a shago ɗaya. Har yanzu dai ba wadda ta ce min ta gwada dafawar.

Maman Walid:
Ni na gwada, wata biyar muka yi muna dafa-duka duk Juma'a a Tudun Wada. Ranar farko mutum arba'in muka shirya wa, sati na huɗu layi ya kai bakin titi, almajirai da 'yan ga-ruwa da mutanen wasu unguwanni da robobi, kuma duk mabuƙata ne ba ka da bakin korar kowa. Kuɗin kuwa rabi a icce da mai da magi da kayan miya yake tafiya, ga matan da ke tsayuwa kan wuta tun asuba har suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Amma babban abin, waɗanda muka yi domin su ba sa zuwa. Matar da ta saba rufin asirinta ba za ta tsaya layi da kwano maƙwabta na kallo ba, gara ta kwana da yunwa. Ranar da aka ture wata yarinya ta faɗa gefen tukunya ta ƙone a hannu muka tsaya. Kun dai ji abin da ya faru a Bauchi a watan Maris 2024 wajen rabon zakka, mata suka mutu a turmutsutsu, sannan Disamba a Ibadan da Okija da Abuja. Yanzu ɗanye muke kaiwa, bayan isha'i, mace biyu su shiga kamar sun zo gaisuwa su ajiye su fito.

Maman Nana:
To amma ɗanyen ma wani maigidan ɗauka yake ya kai kasuwa, na gani da idona. Kuma a ba mace masara ba kuɗin niƙa ba icce ba kuka, ta ci da me?

Maman Walid:
Shi ya sa muke niƙawa mu kai gari, kwano uku-uku duk sati biyu ba buhu ba, da ƙullin kuka da daddawa. Gari ba ya saiduwa da sauƙi.

Ummu Sultan:
Allah ya biya ku da kuke kaiwa da dare. Ni abin da ke ƙona min rai masu ɗaukar hoto, a ba tsohuwa taliya biyu a ce ta ɗaga sama ta kalli waya, gobe ka gan ta a Facebook da TikTok. Maƙwabciyata har yau ba ta zuwa biki saboda an yaɗa ta, 'ya'yanta ana musu gori a makaranta

Hajiya Landan:
To in ba hoto mu da muke turo kuɗi ta ina za mu san ya isa? Ba ga labarin Gwaggo ba. A ɗauki kayan a rufe fuska, shi kenan.

'Yar Gumel:
A unguwa ko an rufe fuska an san hijabin kowa Hajiya

Baban Khalifa:
Ku bar ta hoto, ku zo ga rabon tallafin gwamnati. A mazaɓarmu an karɓi sunaye da lambar NIN da lambar waya har sau uku, mahaifiyata da ciwon ƙafarta ta wuni a rana a firamare, da shinkafar ta zo cikin dare aka raba ta tsakanin 'yan jam'iyya, mu ko ƙwaya. Washegari ga ta a kasuwa da tambarin a jiki.

Anti mai atamfa:
Mu an ba mu, mutum takwas kwano ɗaya, wlh a murfin kula muka raba 😂 kuma sai da aka ɗauke mu hoto da cikakken buhu tukunna aka mayar da shi mota

Gwaggon Yara:
Kuma irin mijin shugabar tamu su ne ake ba rubuta sunayen, shi ya rubuta na layinmu bara. Sunana bai fito ba.

Maman Biyu:
Allah ya kyauta. Ɗan Dawanau dan Allah buhun PICS ɗin nawa ne ɗaya kuma yana yi wa gero ko wake kawai? Maman Walid na miki magana ta akwati ki duba.

Baban Khalifa:
Ni tambayata ma, duk NIN ɗin nan da suke karɓa ina suke kai su? Dan ƙanina ya je cike wani tallafin aka ce masa wai ya riga ya karɓa sau biyu, shi kuwa ko sisi bai taɓa gani ba. Akwai wanda hakan ta faru da shi?

Maman Nana:
Ta faru da kishiyata, bari ta dawo daga islamiyya in tambaye ta ofishin da ta je